Tiren Iya da Mutumin Kano

Fagge, Kano
23 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Husna,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Zayyad, da Yaya Ummuhani da jikin nata. Mu nan da sauƙi, in ban da ƙafar nan tawa da ta saba.

Husna, in kina tsaye ki zauna. In kina kusa da mahaifiyarki, ki tashi ki sake wuri kafin ki ci gaba.

Allah ya yi wa yayanki Uwaisu rasuwa ranar Laraba da hantsi. Ciwon ciki ne, kwana huɗu kacal. Ni na yi masa wanka da hannuna, ni na sa shi a makwancinsa. Ya cika da kalmar shahada. Matarsa Mas'uda tana wurinmu, ta shiga takaba.

Ban buga waya ba da gangan. Na san wayar gidanku a gefen tabarmar Yaya take wuni, kuma na san kunnenta. Idonta ne ya yi yana, amma kunne ko ɓera ya gifta ta ji. Ke ma kada ki kira ni. Ban manta abin da likita ya faɗa ba lokacin da jininta ya hau ɓarin jikinta ya mutu, cewa in aka sake girgiza ta ba za ta tashi ba. Don haka na ba Ɗantala mai kai atamfa Bangui takardar, na ce ya sa a hannunki ke kaɗai.

Kada ta ji daga bakin kowa sai na zo. Ni ne babban da ya rage a dangin ubanta, kuma mutuwar ɗan fari ba a faɗa wa uwa ita a takarda ko a bakin 'ya. Zan taso da zarar an yi sadakar bakwai.

Kwana biyu kafin ya cika ya tambaye ni ko kwamfutar da ya aika muku da azumi tana aiki. Ya ce sai da ya zagaye kasuwa yana neman wadda ta fi kowacce faɗin fuska, saboda idon Iya. Na ce masa tana aiki, ko da yake ban sani ba.

Allah ya ba mu haƙuri.

Kawunki,
Alhasan

*

Kilomita Biyar, Bangui
12 ga Satumba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka da ƙafa, na gaida Mas'uda, Allah ya ba ta dangana. Zayyad yana gaisuwa. Iya jikinta da dama, tana cin abinci, tana shan magani in na tsare ta.

Takardarka ta zo ranar Asabar, shida ga wata. A bayan gida na karanta ta, na cusa gefen zanina a baki don kada sauti ya fita. Kawu, ka ɗora mini dutse. Ɗaki biyu gare mu da tsakar gida da bai fi taku goma ba, ina zan kai kukana?

Kuma Kilomita Biyar ba wurin ɓoye magana ba ce. Kafin Ɗantala ya gama sauke kaya, rabin Titin Koudoukou sun ji. Zayyad ya tari limamin unguwa ya roƙe shi, aka shirya maza su riƙa yi masa ta'aziyya a shago, kada wanda ya tako ƙofar gida. Mata kuwa ka san ba a hana su. Rahamatu maƙwabciyarmu ce ta kawo dabara: tunda dama tun azumi suna taruwa a gidanmu bayan La'asar kallon fim a kwamfutar, to kowa ta zo da sunan kallo. Haka ake yi. Su shigo, su gaida Iya, wadda ta zauna kusa da ni ta matse mini hannu, shi ke nan ta'aziyyar. Har daga unguwar Kokoro an zo.

Ka ce ya tambayi kwamfutar. Tana aiki, Kawu, ba ka yi masa ƙarya ba. Girmanta ya isa, ba ta ɗaukuwa a cinya, sai a kan turmi muke kifa faranti mu ɗora ta. Iya tire take ce mata. Batirinta bai kai fim ɗaya, wuta kuma sai ta ga dama, don haka kullum da safe ina kai ta shagon Zayyad ta sha sola, in rungumo ta da Azahar a cikin zani. Ya cika ta da wa'azi da karatu da finafinan barkwanci. Iya takan sa a matso mata da ita har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce rabon da ta ga fuskar mutum sosai haka tun kafin yanar nan.

Yanzu ga abin da nake son faɗa maka. A cikin kwamfutar akwai bidiyon gaisuwar da Yaya Uwaisu ya ɗauka da kansa, minti shida, yana zaune a ƙofar shagonsa da shuɗiyar riga. Da azumi da na kunna mata, ka san halinta da ɗan fari: ta juya fuska bango ta ce a gaishe shi, a sa mata wa'azi. Ni tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Da yana nan “wancan” take cewa, da ya koma wurinku ya zama “mutumin Kano”. Wallahi abin da na dogara da shi ke nan, na ce mai kunyar ɗanta ba za ta tambaye shi ba, zan samu sararin jiranka.

Kwana uku da zuwan takardarka, mata sun watse, ina naɗe wayar wuta, sai ta ce, “Mutumin Kano shiru. Nemo mini shi a tiren nan.”

Ta ga yadda Rahamatu ke magana da ɗanta na Douala a waya ido da ido, na tabbata shi take nufi. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya je ya danna gaisuwar nan. Ya fito, ya gyara hula, ya ce, “Iya, ina wuni?” Ka san shi da ladabi, ko a hoto sai da ya yi shiru kamar mai jiran amsa.

Ta ce, “Lafiya lau.”

Ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ya ce ta riƙa shan magani, ta ce ga mai tsare ta nan. Har ya gama ba ta ɗauke ido ba. Da hoton ya tsaya na ce layi ne ya yanke.

Na yi wa uwata ƙarya da fuskar mamaci. Ka ce kada ta ji daga bakin kowa, na riƙe, amma ina jin tsoron Allah kuma ina jin tsoron ranar da za ta gane. Don girman Allah ka taso.

'Yarka,
Husna

*

Kilomita Biyar
29 ga Satumba

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsa ba, ban gan ka ba. Sadakar bakwai ta wuce da wata guda. Ko takardata ba ta iso ba ne? Wannan zan ba wani direba da Zayyad ya sani. Iya tana nan, amma ta rage cin abinci.

Abin ya zame mana kullum. Da an idar da fim mata sun tashi, sai ta ce a nemo mata mutumin Kano. Na zama gwanar munafunci, Allah ya yafe mini. Yau in fara daga farko, gobe daga tsakiya inda yake labarin ruwan sama, jibi in rage murya in ce layin ne ba kyau. Akwai wurin da yake tari ya ce “afuwan”, nakan yi ƙoƙarin tsallake shi, amma ba kullum hannuna ke sa'a ba. Rigar nan shuɗiya kuwa ba yadda zan yi da ita. Ina jiran ranar da za ta ce wai shi ba ya canja kaya, ban san me zan ce ba.

Ita kuwa hira take yi da shi sosai. Ta ba shi labarin shagon Baba da aka ƙone a shekarun tashin hankali, abin da ba ta taɓa yarda a tayar ba. Ta gaya masa ranar da aka haife shi an yi ruwa har katangar gidan kakanmu ta faɗi. Yana nasa zancen, tana nata. Wani lokacin ta sa yatsa a gilashin, wajen gemunsa. Shekara arba'in da shida ba ta haɗa ido da shi ba, yanzu ga ta tana ƙare masa kallo kamar mai zaɓen shinkafa. Ni sai in fita in tsaya bakin randa.

Ranar Talata na ga tashin hankali. Kwamfutar ta yi zafi, fankar cikinta tana ta huci, sai hoton ya daskare. Bakinsa a buɗe, idonsa rabi a rufe. Kawu, kai ka yi masa wanka, ka san abin da na gani. Na danna ko'ina, ta ƙi. Iya tana zaune tana kallonsa haka. Na fizge wayar wuta, na danne maɓallin har fuskar ta yi baƙi. Sai na ji numfashinta ya canja. Na kawo maganin, na auna jininta da abin awon da ke gidan Rahamatu, ya hau sosai. Na ce shi ke nan, na kashe ta da hannuna. Sai wajen Magariba ya sauka.

Washegari na ce tiren ya lalace, yana wurin gyara. Ta ƙi karin kumallo, ta ƙi na rana. Da La'asar na aika aka ɗauko.

In na kunna ina tsoro, in na hana ina tsoro. Ko sallama aka yi a ƙofa sai in riga kowa fita, kada baƙon da bai san shirinmu ba ya shigo da “ya haƙuri”. Zayyad ya ce mu faɗa mata mu huta, na ce Kawu ya ce kada ta ji daga bakin kowa, ni ba zan karya ba. Mun yi kwana biyu ba ma magana sosai a kan haka.

Jiya kuma ta ce in sayo shinkafar waina mudu biyar da mai, in ajiye, za ta faɗi ranar da za a soya. Na tambaye ta na mene ne, ta ce sha'awa. Matar da ba ta gama rabin kofin kunu.

Ina kake, Kawu?

Husna

*

Ngaoundéré
8 ga Oktoba

'Yata Husna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Zayyad, ina gaida Yaya. Ki yafe mini. Na taso tun farkon Satumba kamar yadda na yi alkawari, ƙafar ta kumbura a mota, zazzaɓi ya kwantar da ni a nan gidan wani abokin kasuwancina sati huɗu. Takardunki sun wuce ni sun tafi Kano. Ɗantala ne ya kwaso su biyun ya same ni da su jiya.

Da na ce kada ta ji daga bakin kowa, kwana goma nake nufi, ki yi shiru kawai. Ban ce ki tayar mata da mamaci kullum La'asar ba. Amma laifina ne, ni na rubuta ban auna nauyin maganar ba, na kuma bar ki ke kaɗai da ita.

Da na karanta ta farko na tsorata, na ce Yaya ta fara ruɗewa, tunda tana amsa wa hoto. Na kwana da wannan. Da safe na sake karanta ta biyun a hankali, na tsaya a inda kika ce tana ƙare masa kallo, har tana taɓa gemunsa.

Husna, ke a Bangui aka haife ki, kin san kunyar ɗan fari a matsayin halin Iya kawai. Ni tare muka tashi da ita. Ranar sunansa a gabana ta ƙi ɗaukarsa sai da kakarmu ta rufe su da zani. Ranar da zai bar Bangui, kin rubuto mini da kanki cewa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ummuhanin da na sani ba za ta kalli yaron nan ido da ido ba muddin tana jin yana raye yana kallonta. In ta kalle shi, to ta san babu mai ganinta a ciki.

Ina jin ta sani. Shinkafar nan ma ki ƙirga kwanaki.

Kada ki tambaye ta, kada kuma ki sake hana ta tiren. Jibi zan kama hanyar Garoua-Boulaï, in jira ayarin motoci. Allah ya sa in same ta.

Kawunki,
Alhasan

*

Kilomita Biyar
18 ga Oktoba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. An ce kana Garoua-Boulaï hanya ta tsare ku, don haka na ba yaron motar da zai juya gobe wannan. Kafin komai: Iya tana raye. Na san shi kake so ka fara ji.

Takardarka jiya Juma'a ta zo. Ta makara da kwana ɗaya.

Ranar Laraba ta ce in jiƙa shinkafa. Alhamis tun da hantsi ni da Rahamatu muna bakin tanda. Ta sa na yi mata wanka, ta ce in ciro mata farin mayafinta na ƙasan akwati. Ta ce a gaya wa matan kallo kowa ta zo, har na Kokoro, kuma Zayyad ya rufe shago ya zo da liman. Da na ji an ambaci liman na fara shirin ko-ta-kwana. Na sa maganinta a ƙugun zanina, Zayyad kuma ya tsayar da mai tasi a bakin layi ko da za a yi gaggawar asibiti.

Bayan La'asar tsakar gida ta cika, maza a zaure. Na ɗora kwamfutar a turmi, na laluba fim ɗin barkwanci kamar kullum. Ta ce ba shi ba, in nemo mata wancan, kuma daga farko, kada in tsallake tarin.

Kawu, a gaban mutane. Na danna ina kallon ƙirjinta, ina ƙirga numfashinta. Ya fito, ya gyara hula, ya ce, “Iya, ina wuni?” Ya yi shirun nan nasa.

Ba ta ce lafiya lau ba. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce, “Uwaisu.”

Wallahi ban taɓa sanin yadda sunan zai fito a bakinta ba. A hankali ta faɗe shi, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ta sake cewa, “Uwaisu, ɗana. Allah ya jiƙanka, na yafe maka duniya da lahira.” Rahamatu ce ta fara fashewa da kuka, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Kukan da muka haɗiye kwana arba'in ya fito. Shi kuma yana ta labarin ruwan sama a Kano, ba wanda ya iya tashi ya kashe.

Liman ya yi addu'a, aka raba waina. Na auna jininta sau uku kafin Magariba, bai wuce yadda ya saba ba.

Da aka watse na durƙusa na ce ta yafe mini. Na tambaye ta wa ya faɗa mata, don in san wanda ya karya mana shiri. Ta ce ba kowa. Ta ce Ɗantala da kullum yake shigowa ya tsokane ta ta ba shi goro, ran nan daga zaure ya yi sallama ya juya. Washegari kuma mata goma sha ɗaya suka zauna a gabanta suna kallon fim ɗin da da azumi har faɗuwa suke don dariya, aka gama ba wadda ta ko murmusa. Ta ce, “Ido ne ba ni da shi, Husna, ba hankali ba.” Ranar rasuwar ce ba ta sani ba, shi ya sa ta ƙirga arba'in ɗinta daga ranar da takarda ta shigo gidan.

Na ce to me ya sa ta bar ni cikin wannan azaba, ina mutuwa ina tashi kullum La'asar. Har da ɗan faɗa na faɗa, Allah ya yafe mini. Ta ce ita ma tsoro take ji. Ta san mu, in ta nuna ta sani za mu ce kallonsa zai tayar mata da jini, mu naɗe tiren mu kai shago mu ɓoye. Ranar da na ce ya lalace ta ɗauka shi ke nan an raba su. Ta ce shekara arba'in da shida tana sunkuyar da kai in ya shigo, muryarsa ta sani da takunsa, amma ba ta san yana da tabo a gefen gira ba sai a tiren nan. Ta tambaye ni ko na san inda ya samo shi. Na ce faɗuwa ya yi daga keken Baba yana ɗan shekara tara. Ta ce ta tuna ranar, tana jin kukansa daga ɗaki, kunya ta hana ta fitowa.

Ka taho a hankali, kada ka wahalar da ƙafar. Babu sauran abin da za ka faɗa mata, amma tana son ganinka. Ta ce in tambaye ka wane gefe ya juya da zai cika, da ko ya sha ruwa.

Zayyad ya kai kwamfutar an kwafe gaisuwar a wuri uku, saboda fankar nan ba ta daina huci ba. Yanzu haka La'asar ta yi, tana kirana in kawo tire. Ba ta ce mutumin Kano ba. Ta ce in kawo mata Uwaisu.

'Yarka,
Husna